Bashin taki ya hana ni cin Jibin Ubangiji: in na yafe, kuɗina sun tafi ke nan?

Maman Rifkatu (Sabon Gari):
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, yau na ce bari in fito da shi tunda akwai malamai da dattawa a cikinmu. Ba zan faɗi sunan kowa ba, ba zan faɗi majami'armu ba, don Allah kada a tambaye ni.

Ni tela ce. Bara waccan da ruwa ya sauka, wani ɗan'uwa da muke sujada tare ya same ni a shago, ya ce masararsa ta fito amma ba shi da kuɗin taki. A satin nan na kwashi adashina, dubu 240, wata goma ina zubi don in ƙara keken ɗinki. Na cire dubu 180 na miƙa masa. Ya ce da kaka zai kawo. Ba takarda, ba shaida, daga ni sai shi sai Allah.

Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Da farko yana cewa Mama ki ƙara haƙuri. Yanzu in ya hango ni bayan an tashi sujada sai ya bi ta wata ƙofa. Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar godiyar kaka ina zaune ina kallo ya taso da iyalinsa, ana kiɗa, da buhun masara da zakara suka kai gaba.

Ran Lahadin da ta wuce aka yi wa'azi a kan Matiyu 18, bawan nan da sarki ya yafe masa bashi shi kuma ya ƙi yafe wa ɗan'uwansa. Na dawo gida ina kuka. Wata huɗu ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da muke tarayya a kansu a majami'a don tunawa da mutuwar Almasihu, don na san abin da ke zuciyata. Ku gaya mini gaskiya, in na ce a biya ni, ni ce mugun bawan nan?

Yohanna (Kwangila):
Mama sannu. Ki yafe ki huta. Luka 6:35 ya ce mu ba da rance ba tare da sa ran a mayar mana ba. Wanda ya ba ki wancan zai ba ki wanda ya fi shi.

Saratu (Samaru):
Ɗan'uwa Yohanna, da sauƙi a bakinka saboda ba guminka ba ne. Ka san awa nawa tela ke yi a kan keke kafin ta haɗa dubu 180? Ni abin da ke damuna, kullum wanda aka cuta shi ake bi da ayoyi. Wanda ya ci kuɗin fa, babu aya tasa? Zabura 37:21 tana nan, mugu ne ke cin bashi ya ƙi biya. Me ya sa ba a yin wa'azi a kanta?

Yohanna (Kwangila):
Yaya Saratu, ba ni na rubuta ba. Manzo Bitrus ya tambaya ko sau bakwai zai yafe wa ɗan'uwansa, Ubangiji ya ce bakwai har sau saba'in. Bai ce sai in kuɗin kaɗan ne ba.

Ishaku (ɗalibin tauhidi, Wusasa):
Mama, ina gaisuwa. Ni yaro ne a gabanku, amma bari in faɗi ɗan abin da na gani a misalin nan, don sau da yawa mukan ɗauki ƙarshensa mu bar tsakiyarsa.

A zamanin, dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙwadago na yini guda, kamar yadda yake a misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20. Talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne. Bawan nan talanti dubu goma ake bin sa, wato dinari miliyan 60. Ko da zai yi aiki kowace rana ba hutu, sai ya haura shekara dubu 160 bai gama ba. Da ya durƙusa yana cewa a yi masa haƙuri zai biya duka, maganar da ba ta yiwuwa yake yi, kuma sarki ya sani. Wannan shi ne bashin da ke tsakaninmu da Allah.

Shi kuma abin da yake bin abokin bautarsa dinari ɗari ne, ladan fiye da wata uku. Ba ƙaramin kuɗi ba ne. Yesu bai ce mutumin ba shi da haƙƙi ba. Duba abin da ya yi: ya cafke shi, ya shaƙe masa wuya, mutumin ya faɗi yana roƙo da irin kalmomin da shi ya roƙi sarki da su, ya toshe kunne ya kai shi kurkuku. Rashin jinƙan nan ne ya tayar wa sarki da hankali.

To Mama, kin shaƙe wani? Kin kulle wani? Ya zo ya durƙusa kin kore shi? A labarinki ma mutumin bai zo ba.

Maman Rifkatu (Sabon Gari):
Ban yi ko ɗaya ba ɗana. Amma a zuciyata na shaƙe shi ya fi sau ɗari, ba zan ɓoye ba. Akwai daren da na yi addu'a kada gonarsa ta yi albarka. Wannan ne ya tsorata ni.

Baba Haruna (Wusasa):
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika faɗi wannan. Ni da tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932 na tashi, Matta nake cewa maimakon Matiyu, ku yi haƙuri da ni.

Ki buɗe Matta 18 ɗin nan ki koma baya kaɗan, aya 15 zuwa 17. Kafin Bitrus ya yi tambayarsa, kafin labarin sarki da bayinsa, Ubangiji ya riga ya faɗi abin da za a yi in ɗan'uwa ya yi maka laifi. Ka je ka same shi, daga kai sai shi. In bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, a gaya wa ikilisiya. Sura ɗaya ce, baki ɗaya ya faɗe su. Ba a ɗaukar rabi a bar rabi.

Ina tambayarki, kin taka kin je gidansa kin zauna kin ce ga abin da ke raina? Ba saƙon waya ba, ba harara a bakin majami'a ba.

Mu nan na san ciwonmu. Tun da mishan ya taso daga cikin birnin Zariya ya dawo Wusasa a 1929, gidajenmu suka sarƙe da auratayya. Wanda kake bi bashi, in ba surukinka ba ne to kawun matar ɗanka ne. Sai kunya ta hana magana, mu kira ta haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Na ga gida biyu da suka yi shekara ashirin ba sa ga maciji a kan kuɗin sa guda, kuma ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce ba ni. Iyayen sun mutu, 'ya'yan sun gaji gabar, ba su ma san mafarinta ba.

Maman Rifkatu (Sabon Gari):
Baba ban je ba. Ina jin nauyin matarsa, tare muke Zumuntar Mata.

Malama Talatu (Tudun Wada):
Bari in kawo wani gefe. Shekara 19 ina zaune cikin Musulmi, ina koyarwa tare da su. Maƙwabcina ɗan kasuwa ne, ko ƙaninsa zai ba rance sai an rubuta an kira shaidu. Na taɓa tambayarsa, ya ce ai umarni ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, cikin Suratul Baƙara. Ban ce dukansu ke bi ba, amma wanda ya bi ya huta. Mu sai mu ce ai ɗan'uwa ne cikin Ubangiji, mu miƙa a bayan ƙofa, daga baya a rasa kuɗin a rasa ɗan'uwan.

Yohanna (Kwangila):
Malama, in sai na rubuta kafin in taimaki ɗan'uwana, ina ƙaunar take? Takarda alamar ba ka yarda da mutum ba ne.

Ishaku (ɗalibin tauhidi, Wusasa):
Yaya Yohanna, Manzo Bulus ma ya rubuta. A wasiƙarsa zuwa ga Filimon, aya 18 da 19, ya ce in bawanka Onisimus ya cuce ka ko kana bin sa wani abu, ka ɗora a kaina, ni Bulus da hannuna nake rubutawa, zan biya. Bai ce wa Filimon ka manta da kuɗinka ba. Ya amince akwai bashi, ya ɗauka, ya sa hannu.

Bitrus Makanike (PZ):
Tun ɗazu nake karantawa ina rubutawa ina gogewa. Bari in faɗa kawai. Ni ina ɗaya gefen. Ana bi na.

Wani dattijo ya ranta mini kuɗi na sayi kayan aiki shekara uku da suka wuce. Na fara biya, sai matata ta yi haihuwa mai wuya aka yi mata aiki, komai ya tafi. Wata na farko na je na ba shi haƙuri. Na biyu na je. Na uku na tsaya a bakin layinsu na kasa shiga, don ban san da wane baki zan sake cewa a yi haƙuri ba. Daga ranar na fara kauce masa. Na bar sujadar safe na koma ta biyu don kada mu haɗu. In wayata ta yi ƙara gabana faɗuwa yake.

Mama, ban san mutuminki ba, wataƙila macuci ne. Amma canza ƙofar nan da kika ce, na san ta. Ba kullum raini ba ne. Wani lokaci kunya ce take cin mutum har ya zama kamar marar kunya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ke ɗauke da shi ya san nauyinsa. Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawa ne ga mai ba shi. Ni na ɗanɗana. Dattijon nan bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma shekara uku ban yi barci mai daɗi ba.

Labarin da ke riƙe ni shi ne na gwauruwar nan a 2 Sarakuna 4, wadda mai binta bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu. Elisha bai ce a je a roƙi mai kuɗin ya yafe ba. Ya tambaye ta me take da shi a gida, ta ce ɗan mai a kwalba. Ta aro tuluna a maƙwabta, man ya yi ta zuba. Sai ya ce je ki sayar ki biya bashinki, ke da 'ya'yanki ku ci saura. Addu'ata ke nan, Allah ya ba ni abin biya, ba a yafe mini ba.

Saratu (Samaru):
Ɗan'uwa Bitrus, na ji ka, kuma jikina ya yi sanyi. Allah ya buɗa maka. Amma kai ba ka ɗauki buhu ka yi rawa da shi a gaban mai binka ba. Nan ne na kasa haɗiyewa. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba a Yariko bai tsaya a baki ba, ya ce wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu. Tuban da bai taɓa aljihu ba, ni ina shakkarsa.

Ishaku (ɗalibin tauhidi, Wusasa):
Yaya Saratu ta taɓo wani abu. Matiyu 5:23 da 24 ta ce in kana kai baiko sai ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Wanda ake da magana a kansa shi aka ce ya ajiye. A wannan labarin, mai buhun ayar ta fara kira.

Danjuma (Palladan):
Ni dai shawarata a kai shi wurin 'yan sanda. Kwana ɗaya a bayan kanta kuɗi za su fito.

Baba Haruna (Wusasa):
Danjuma ɗana, wannan shi ne ainihin abin da mugun bawan ya yi. Kuma karɓar bashi ba aikin ɗan sanda ba ne, maganar kotu ce. Ko kotun ma, karanta 1 Korintiyawa 6 ka ji yadda Bulus ya ji kunyar masu bi da suka rasa mai hikima ɗaya a cikinsu da zai sasanta 'yan'uwa.

Rabaran (Basawa):
Salamar Ubangiji gare ku duka. Na dawo daga jana'iza na tarar da maganar ta yi nisa.

Da farko ina so in karɓi laifi a madadinmu masu wa'azi. Mukan hau bagade mu ce ku yafe, ku yafe, mu sauka, ba mu tsaya mun bambanta wa mutane abu biyu ba. Akwai sakin zuciya, wato ka daina neman sharri ga wanda ya cuce ka, ka bar wa Allah ramuwa. Wannan dole ne a kan kowane mai bi, ba ya jiran sai an roƙe ka. Akwai kuma barin kuɗin. Wannan kyauta ce, mai ita ke yi da ransa, gwargwadon ƙarfinsa da halin wanda ake bi. In na tilasta wa gwauruwa ko tela ta bar jarinta da sunan gafara, na taya macuci cuta ke nan.

Amma Yohanna ma kada a yi masa dariya. Luka 6:35 tana nan daram. A addu'ar da muke yi kullum, kalmar da Matiyu ya yi amfani da ita a Helenanci bashi ce, ka yafe mana basusukanmu. Akwai ranar da za ka duba wanda kake bi ka ga babu, babu ce ta gaske, to a ranar bin Almasihu yana iya nufin ka yaga takardar. Shari'ar Musa ma ta kare mutuncin wanda ake bi. Maimaitawar Shari'a 24 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, don abincin mutum ke nan. Ta ce kada ka shiga ɗakinsa ka ɗauko jingina, ka tsaya a waje ya fito maka da ita. Nehemiya kuma da ya ji talakawa sun jinginar da gonakinsu saboda yunwa, taro ya kira ya tsawata wa manya a bainar jama'a. Wato ikilisiya ba 'yar kallo ba ce a maganar bashi.

Ba za ki san wanne ne ya shafe ki ba sai kin je kin gani, kamar yadda Baba ya ce.

Maganar Jibi kuwa, 'yar'uwata, teburin nan ba na waɗanda suka gama warkewa ba ne. An ce mutum ya auna kansa sa'an nan ya ci, ba a ce ya auna kansa ya gudu ba. Addu'ar da kika yi a kan gonarsa, ki tuba a kanta yau, ki sa masa albarka da bakinki ko da zuciya ba ta bi ba tukuna. Ki kuma sami mai kula da ku ki gaya masa, kada ki ɗauki wannan ke kaɗai.

Maman Rifkatu (Sabon Gari):
Na gode Rabaran, na gode Baba. Zan je. Ku sa ni a addu'a.

Maman Rifkatu (Sabon Gari):
Salama. Na dawo da labari, kwana tara ke nan.

Na fara zuwa ni kaɗai ran Talata da yamma, aka ce ba ya nan, alhali ga babur ɗinsa a zaure. Na dawo raina a ɓace, na kusa fasawa. Ran Asabar na ɗauki shugabar zumuntarmu da wani dattijo muka koma. Wannan karon ya fito.

Ashe matarsa ba ta san da bashin ba sam. Da ta ji sai ta ɗora hannu a ka. Shi kuma bai musa ko kwabo ba. Ya ce shekarar farko tsutsa ta cinye masa masara, abin da ya samu bai kai rabin na kullum ba. Shekara ta biyu gona ta yi kyau, amma akwai wani mai sayar da taki da ke bin sa, shi da takarda da shaidu, ya zo har gona ya auna nasa. Sauran ya tafi a jinyar mahaifiyarsa. Na ce to ni me ya sa ka bar ni a ƙarshe? Ya sunkuyar da kai ya ce don ya san ni ba zan yi masa tashin hankali ba. Wannan maganar ta yi mini zafi fiye da kuɗin.

Buhun godiyar kuwa, daga gayaunar matar ya fito, ita ta yi wa'adi da Allah a kan lafiyar surukarta. Wata biyu ina ƙullace da buhun da ba nasa ba.

Dattijo ya sa aka rubuta. Zai ba ni buhu biyu na masara yanzu a kan farashin kasuwa, sauran dubu goma goma duk wata. Da na ga ɗakin da tsohuwar take kwance, na ce a cire dubu 30. Ba wanda ya sa ni. Muka yi addu'a, ya yi kuka, ni ma na yi.

Ba zan ce zuciyata ta yi fari tas ba. In na tuna maganar nan tasa har yanzu ina jin ta. Amma jiya na ci Jibi.

Yohanna (Kwangila):
Godiya ga Ubangiji. Ni dai har yanzu da ni ne da na bar masa duka, tunda kin ga halin gidan.

Saratu (Samaru):
Ni kuma da ban cire ko sisi ba. Yusufu ya yafe wa 'yan'uwansa, amma sai da ya gwada su da ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu kafin ya sake jiki da su. Mama, in ya sake zuwa neman rance, ki tuna abin da ya faɗa da bakinsa. Amma na yi murna da kika koma teburin, har ga Allah.

Malama Talatu (Tudun Wada):
Takardar a hannun wa take?

Maman Rifkatu (Sabon Gari):
Kwafi uku ne. Ɗaya wurina, ɗaya wurin matarsa, ɗaya wurin dattijo. Ita ta ce a ba ta, ita za ta riƙa kawowa.

Bitrus Makanike (PZ):
Baba Haruna, don Allah in kana da sarari ran Asabar, ina so ka raka ni gidan dattijon nan da ke bi na. Na haɗa dubu 25. Ba ta kai ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, amma ba na so in sake tsayawa a bakin layi.

Baba Haruna (Wusasa):
Ka zo ka ɗauke ni ƙarfe huɗu, bayan na dawo daga gona. Ka taho da biro da takarda.